Yadda garkuwar jiki ke ɗaure ƙwayar tarin fuka, da abin da ke kwance ɗaurin

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, muna roƙon ɗan fili a wannan jarida don mu yi wa masu karatu bayani a kan wani lamari da ke ci mana tuwo a ƙwarya. Mu ma'aikatan lafiya ne a nan Jos, wasunmu a ɗakin gwaje-gwaje, wasu a sashen kula da masu tarin fuka. Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami shi ne wata magana da ta zama ruwan dare a tashoshin mota, da bakin kasuwa, da Facebook da WhatsApp: wai wanda ya sha abu kaza, garkuwar jikinsa za ta yi ƙarfin kashe tarin fuka ba sai ya taka asibiti ba. Ga gari a leda, ga jiƙo a jarka, ga ƙwayoyi masu tsada a kwali, duk da sunan ƙara garkuwa. Mai tari sai ya shafe wata biyu ko uku yana ɗirkar su, yana kwana ɗaki ɗaya da matarsa da 'ya'yansa. Musanta maganar kawai ba ya isa. Gara a nuna wa jama'a abin da ke faruwa a cikin huhu daki-daki, su auna da hankalinsu.

Ƙwayar cutar bakteriya ce, sunanta a kimiyya Mycobacterium tuberculosis. Likitan Jamus Robert Koch ne ya bayyana ta ga duniya ranar 24 ga Maris, 1882. Siffar sanda gare ta, tsawonta maikromita 2 zuwa 4, sai an jera ɗaruruwanta kafin a cika milimita guda. Jikinta lulluɓe yake da wani maiƙo mai kauri da ruwa da yawancin guba ba sa ratsawa. A ɗakin gwaji da ido ake ganin haka: a shafa kakin majiyyaci a kan gilashi, a zuba jan rini, a ɗumama har ya fara tururi, sannan a wanke da asid. Duk abin da ke kan gilashin sai ya saki launin, ita kuwa ta riƙe abinta, a hango ta jawur, siririya, a tsakiyar shuɗin da aka bi da shi. Sannan ba ta da gaggawa. Bakteriyar hanji kan rabu gida biyu cikin minti 20, wannan sai ta ɗauki awa 15 zuwa 20. Shi ya sa take cin mutum a hankali, har ya yi ta cewa ai sanyi ne ya kama shi.

Ta iska take shiga. Ba ta bin kwano ko cokali ko musafaha, don haka ware wa majiyyaci kwanon cin abinci wulakanci ne da ba ya kare kowa. Idan mai cutar a huhu ya yi tari ko atishawa, ko ma magana, yakan fesa ɗigo-ɗigon da ido ba ya gani. Manyan, idan an shaƙe su, majinar hanci da ta maƙogwaro ke kama su, wasu 'yan siraran gasusuwa da ke shimfiɗe a bututun iska su yi ta kaɗo su sama har a tofar ko a haɗiye. Hayaƙin taba da na itace a rufaffen ɗakin girki suna gurgunta wannan shinge. Ƙananan, waɗanda ba su wuce maikromita 5 ba, su ne masifar: sukan yi awanni suna shawagi a ɗakin da iska ba ta ratsawa, su zarce har ƙuryar huhu, cikin 'yan jakunkunan iska. A nan Jos, daga Disamba zuwa Fabrairu, sanyi kan sa a rufe taga a toshe kafa da tsumma, iyali duka a ɗaki guda. Haka motar haya, gilashi a rufe tun daga Terminus har Bukuru. Hasken rana yana kashe ƙwayar, iska mai ratsawa tana kwashe ta, saboda haka a riƙa buɗe taga biyu masu fuskantar juna ko da da rana ne.

A cikin jakunkunan iskar akwai masu gadi, wasu manyan ƙwayoyin halitta daga dangin fararen ƙwayoyin jini, ana ce musu makrofej. Aikinsu haɗiye duk baƙon abin da ya shigo, ƙura ce ko cuta. Idan makrofej ya haɗiyi bakteriya, naɗe ta yake yi a cikin wata 'yar jaka ta tantani, jakar haɗiya. Sai wasu famfuna na furotin su manne a jikin jakar su riƙa tura asid ciki. A ma'aunin pH, inda 7 ke nufin ruwan da ba tsami ba kanwa, cikin jakar kan sauko zuwa 5 ko ƙasa da haka. Daga nan ta haɗe da wata ta biyu, jakar narkarwa, wadda ke cike da sinadaran daddatsa furotin da kitse. Yawancin bakteriya ba sa wuce 'yan awanni a wannan hali.

Ƙwayar tarin fuka kuwa a nan ta ƙware. Tana fitar da wani furotin, PtpA, mai hana famfunan asid zama a jikin jakar, sai pH ya tsaya wajen 6.4, tsamin da ba ya yi mata komai. Wani maiƙon jikinta da ake kira LAM, tare da furotin SapM, suna goge alamar da jakar narkarwa ke bi ta gane inda za ta manne. Jakunkunan biyu ba su haɗu ba ke nan. Wanda ya haɗiye ta don ya kashe ta ya zame mata masauki: tana ɓoye a cikinsa, tana cin kitsen da ya tara, tana hayayyafa. Ba ta tsaya nan ba. Akwai wani furotin nata, ESAT-6, da take huda tantanin jakar da shi. Ana gane girman wannan makami daga allurar BCG, ta riga-kafin tarin fuka. Ƙwayar da ke cikin allurar 'yar'uwarta ce da ta rasa sashen gadon da ke ƙera ESAT-6, kuma wannan rashi na cikin manyan dalilan da suka sa ake yi wa jariri ita lafiya lau.

Sai dai hudar nan ita ke tona mata asiri, kuma a nan ne ake ganin yadda ƙwayar halitta guda ɗaya ke kare kanta tun kafin a kawo mata ɗauki. A cikin ruwanta akwai wasu furotin masu sintiri, galektin, da ke gane tantani ya yage idan suka ci karo da wani sukari wanda a ƙa'ida ɓoye yake a cikin jakar. Akwai kuma cGAS, mai jin ɓurɓushin DNA, wato sinadarin gado, na baƙo. Da zarar sun ji, sai a liƙa wa jakar da ta ɓule wata 'yar alama, yubikwitin, wadda jiki ke sa wa duk abin da za a kwashe a zubar. Sai sabon tantani mai ninki biyu ya zagaye jakar da ƙwayar cutar gaba ɗaya, a kai su jakar narkarwa ta hanyar da cutar ba ta riga ta toshe ba. Wannan tsari shi ne otofaji, wanda masanin Japan Yoshinori Ohsumi ya samu lambar yabo ta Nobel a 2016 saboda gano yadda yake aiki. Wani kaso ne kawai ake kamawa ta haka, ba duka ba. Idan abin ya gagara, makrofej yana da dabara ta ƙarshe: ya kashe kansa cikin tsari, ya ƙanƙance, ya rarrabu ƙunshi-ƙunshi ba tare da ya fashe ba, 'yan'uwansa su zo su haɗiye ƙunshin da abin da ke ciki. Ita kuwa cutar ƙoƙarinta ta hana shi wannan mutuwa mai tsabta, ta jira sai ta yi yawa, sannan ta sa ya fashe, ta watsu ta kama na kusa.

Duk wannan fafatawar makonnin farko ce, kuma sau da yawa cutar ce a gaba. Ɗauki na gaske daga wasu fararen ƙwayoyin jini yake zuwa, waɗanda ake kira T, musamman masu alamar CD4, amma sai an je an kira su. Wasu ƙwayoyin halitta masu rassa, dendiritik, su ke ɗaukar gutsuren cutar zuwa kaluluwar da ke tsakiyar ƙirji, su yi ta nuna shi har a dace da 'yan ƙalilan ɗin T da suka gane shi. Waɗannan su hayayyafa, su bi jini su dawo huhu. A mura aikin nan kamar mako guda ne, a tarin fuka yakan ci mako 2 zuwa 8. Wannan amsar ce gwajin fata na Mantoux ke aunawa, don haka taurin da ya taso a hannu bai ce mutum yana da ciwo ba, ya nuna dai jiki ya taɓa haɗuwa da ƙwayar. A makonnin jiran nan ne wasu ƙwayoyin cutar ke sulalewa ta jini su maƙale a ƙashin baya, da ƙoda, da tantanin ƙwaƙwalwa, da kaluluwar wuya. Doron da ke fito wa wani bayan shekaru, ko kumburin wuya mai fashewa yana ɗiga, sau da yawa tun a lokacin aka dasa su.

Isowar CD4 ke sauya yaƙin. Suna fitar da wani saƙo na sinadari, intaferon gama, wanda idan ya taɓa makrofej sai ya farka: ya tilasta jakunkunan nan biyu su haɗu, ya ƙara otofaji, ya watsa wa cutar guba irin su naitirik oksaid, ya kuma ɓoye ƙarfen da take buƙata don ta hayayyafa. Yaran da aka haifa da tawaya a hanyar karɓar wannan saƙo, ko raunanniyar ƙwayar BCG tana iya kwantar da su. Ɓoye ƙarfen nan kuwa na cikin abin da ke sa mai tarin fuka ya yi fari fat, a auna a ce ba shi da jini. Jiki ne ya kulle ƙarfen da gangan, ɗura masa maganin ƙarin jini ba tare da an gano tushen ba ɓata lokaci ne. Bitamin D ma yana da hannu, da taimakonsa makrofej ke ƙera wani makami mai suna katelisidin. Amma da aka gwada ba dubban 'yan makaranta bitamin D a Mongoliya, sakamakon da ya fito a 2020 ya nuna bai rage kamuwa ba. Abu ya yi amfani a cikin ƙwayar halitta daban, shan sa a kwalba ya zama kariya daban.

Wani saƙon kuma, TNF, shi ke kiran ƙwayoyin garkuwa su taru a wurin. Makrofej masu ɗauke da cutar a tsakiya, wasu sun manne da juna sun zama ƙato guda mai cibiyoyi da yawa, ƙwayoyin T sun kewaye su, daga waje a hankali a yi musu katanga da zaren nama mai tauri. Wannan ƙulli shi ne giranuloma. Tsakiyarsa kan mutu ta koma wani abu fari-fari mai ɓarɓashi kamar cuku, oksijin ya yi ƙaranci, abinci ya yanke. A wasu ƙullayen cutar takan mutu murus, wurin ya ƙandare, bayan shekaru a gan shi ɗan farin ɗigo a hoton ƙirji. A wasu kuwa lafawa take yi: ta daina rabuwa, ta zauna da ranta shekara da shekaru. Mai irin wannan ba ya tari, ba ya jin komai, ba ya harbin kowa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan kashi ɗaya cikin huɗu na mutanen duniya sun taɓa kamuwa da ƙwayar, amma kashi 5 zuwa 10 cikin 100 ne kawai ciwon zai bayyana gare su a tsawon rayuwa, kuma haɗarin ya fi yawa a shekara biyun farko. Wato a jikin mutum tara cikin goma garkuwa ke yin nasara, ba tare da an saya mata komai ba. Sai dai sau da yawa nasarar ta tsarewa ce, kuma tsarewa tana son masu gadi kullum.

Ga abin da masu cewa a ƙara garkuwa ba sa faɗa. Ramin da ake gani a huhun mai tarin fuka, akasarinsa garkuwar jikinsa ce ta haƙa shi. Idan ƙulli ya fara gazawa, wasu fararen ƙwayoyin jini masu saurin kai hari, nutrofil, sukan yi dafifi a wurin su mutu a can, ana ta zubar da sinadaran da ke tsinka zaren da ke riƙe huhu. Tsakiyar ƙullin ta narke, ta ɓalle cikin bututun iska, majiyyaci ya yi ta fitar da ita a kaki, a bar kogo, galibi a saman huhu. Kogo guda yana iya ɗaukar ƙwayar cutar miliyan 10 zuwa biliyan 1, a wurin da ƙwayoyin T ba sa kaiwa sosai. Idan ɓarnar ta taɓa jijiyar jini, shi ne tarin jini. Zazzaɓin yamma, da gumin dare mai jiƙa zanin gado, da ramar da ke sa wando ya daina zama a ƙugu, TNF da 'yan'uwansa ne ke jawo su idan sun yi yawa. Rashinsa kuma bala'i ne: da aka fara ba masu amosanin gaɓɓai magungunan da ke toshe TNF, an ga tarin fuka da ya daɗe a kwance yana tashi a jikin wasunsu cikin 'yan watanni. A tarin fuka na ƙwaƙwalwa ma, da gangan likita ke haɗa wa majiyyaci maganin rage kumburi da na cutar, domin kumburin kansa yana kisa. Daidaito jiki ke buƙata, kuma babu gari ko jiƙon da aka gwada aka tabbatar yana samar da shi.

To me ke kwance ɗaurin? HIV ce ta fi ƙarfi, domin ƙwayoyin CD4 ɗin nan su take ci. Mai lafiya yana da 500 zuwa 1,500 a kowace maikrolita ta jini. Suna raguwa, ƙulli na sassautawa, haɗarin ya ninka fiye da sau goma. Akwai abin da ke ruɗa iyalai a nan. Idan CD4 ya faɗi ƙasa da 200, jiki ba shi ma da ƙarfin haƙa kogo, sai cutar ta bazu ko'ina, hoton ƙirji ya fito kusan lafiya, kaki ya fito babu komai, alhali mutum yana narkewa. Don irin waɗannan ne ake gwajin fitsari mai neman maiƙon LAM. Idan cututtukan biyu suka haɗu, maganin tarin fuka ake fara bayarwa, na HIV ya biyo baya cikin mako biyu, in ban da wanda tarin fukan ya taɓa wa ƙwaƙwalwa, shi akan jinkirta masa. Wani lokaci bayan an fara zazzaɓi kan dawo, kaluluwa ta kumbura, dangi su ce maganin ne bai karɓe shi ba. Garkuwar ce ta farfaɗo ta auka wa cutar da ta tarar. A koma asibiti da gaggawa, kada a ajiye magani.

Idan kuwa yawan mutanen da abin ke shafa ake lissafi, yunwa ta fi HIV. Ƙwayoyin T da saƙonninsu duk da furotin ake gina su, jikin da ba ya samun isasshe sai ya rage ƙera su. An gwada wannan a jihar Jharkhand ta Indiya: aka riƙa ba iyalan masu tarin fuka shinkafa da wake da ƙarin bitamin duk wata, sakamakon da ya fito a 2023 ya nuna masu kamuwa da ciwon a gidajen sun ragu da wajen kashi 40 cikin 100. Kuɗin da ake zubawa a kwalin ƙara garkuwa, da wake aka saya da shi, da waken suya, da gyaɗa, da ƙwai, da busasshen kifi, da an yi abin da bincike ya tabbatar. Filato ba ta rasa acca da dankali ba, furotin ne kwanon talaka ya fi rasa. Ciwon suga shi ma yana ninka haɗarin sau biyu zuwa uku, saboda yana sa makrofej nawa, ƙwayoyin T su ƙara makara. Duk mai tarin fuka a auna sugansa.

Akwai kuma wanda mutane ke saya da kuɗinsu su karya garkuwar da hannunsu: deksametason da firednisolon, waɗanda ake sha don a yi ƙiba ko don ciwon gaɓɓai, ake kuma cusa su cikin haɗe-haɗen da ake sayarwa ba takarda. Aikinsu rufe bakin TNF da intaferon gama. Miligiram 15 na firednisolon kullum har wata guda ya isa a lissafa mutum cikin masu haɗari. Mugun abin shi ne mai tari idan ya sha su yakan ji daɗi na ɗan lokaci, zazzaɓi ya sauka, cin abinci ya buɗe, kumatu su ciko, ita kuwa cutar tana yaɗuwa ba mai tare ta. Wanda ya daɗe yana shan su kada ya yanke rana ɗaya, likita ne zai rage masa a hankali. Sai ƙurar dutse, wadda ta shafe mu kai tsaye a ƙasar kuza. Masu haƙa a ramuka, da masu fasa dutse, da mata masu sheƙe yashin ma'adinai a bushe, silika suke shaƙa. Makrofej yana haɗiye ta kamar yadda yake haɗiye cuta, amma ba ta narkewa. Sai ta yaga jakar narkarwa ta kashe shi, wani ya haɗiye ta shi ma ya mutu, kuma ɓarnar ba ta gyaruwa ko an bar aikin. Jiƙa dutse da ruwa kafin a fasa ko a niƙa yana rage ƙurar ƙwarai. Ƙyalle a hanci ba ya tare ta, sai takunkumi irin N95.

Yara 'yan ƙasa da shekara biyar, balle 'yan ƙasa da biyu, garkuwarsu ba ta iya gina ƙulli mai ƙarfi ba tukuna, shi ya sa cutar ke saurin bi musu jini ta kai ƙwaƙwalwa. Aikin BCG ke nan, allurar da aka fara amfani da ita a Faransa a 1921. Ana yi wa jariri mililita 0.05 a cikin fatar damtsen hagu da zarar an haife shi, ta koya wa ƙwayoyin T kamannin cutar, don ranar da ta gaske ta zo kada a yi dogon jiran nan. Wurin kan yi ƙurji ya fashe ya bar tabo, kada a matse, kada a shafa komai. Tana kare yaro sosai daga na ƙwaƙwalwa da mai bazuwa a jiki, amma kariyarta ga huhun babba ba ta da tabbas, tabon damtse ba hujjar ƙin gwaji ba ce.

Idan kogo ya riga ya buɗe, garkuwa ita kaɗai ba ta isa. A ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya, idan babu magani kusan rabin masu ciwon mutuwa suke yi, masu HIV kuwa kusan dukkansu. Maganin kyauta ne a cibiyoyin DOTS, wato wuraren ba da maganin tarin fuka, na wata 6: wata 2 ana shan haɗin huɗu, rifamfisin da aisoniyazid da firazinamaid da itambutol, sannan wata 4 ana shan biyun farko. Dalilin haɗa huɗu lissafi ne. A cikin ƙwayar cuta miliyan ɗaya akan samu kamar guda da aisoniyazid ba ya kashewa, a cikin miliyan 100 akan samu guda da ta gagari rifamfisin. Babban kogo yana da irin waɗannan tun kafin a fara magani. Magani ɗaya zai kashe saura ya bar musu fili, amma da wuya a samu wadda ta gagari duka a lokaci guda. Dalilin wata shida kuwa yana cikin ƙullin nan. Aisoniyazid, mai hana ƙwayar gina bangon jikinta, yana share masu hayayyafa tun a kwanakin farko, tari ya lafa, majiyyaci ya ji ya warke. Waɗanda suka lafa ba sa gina sabon bango, don haka ba shi da inda zai kama su. Firazinamaid, mai aiki a wuri mai tsami, da rifamfisin su ke bin su, a hankali. Wanda ya ajiye magani a wata na biyu waɗannan ya bari, kuma ciwon yana iya dawowa da ƙwayar da ba ta jin magani, ita zai raba wa iyalinsa. Fitsari ya koma ja-ja, rifamfisin ne, a ci gaba da sha. Idanu su yi rawaya, ko amai ya ƙi tsayawa, ko gani ya fara dushewa, wannan a koma asibiti a ranar.

Tarin da ya kai mako biyu a kai shi gwaji, mai HIV kuwa ko na kwana nawa ne. Sau da yawa idan gwaji ya ce babu komai bisa kuskure, yawu aka kawo a maimakon kaki. A fita waje inda iska ke kaɗawa, a kurkure baki da ruwa, a ja numfashi mai zurfi sau uku, a yi tari daga ƙirji, a tofa mililita 3 zuwa 5 a robar, a rufe da kyau. Madubin ɗakin gwaji sai ƙwayar ta kai 5,000 zuwa 10,000 a mililita kafin ya gan ta. Na'urar GeneXpert tana kama abin da bai kai haka ba ko kusa, cikin kamar awa biyu, ta kuma faɗi ko rifamfisin zai yi aiki. Yaron da bai iya fitar da kaki ba ana iya gwada bayan gidansa, tunda haɗiye kakin yake yi. Duk gidan da aka samu mai ciwon a kawo kowa a duba. Wanda aka tabbatar ciwon bai bayyana gare shi ba, musamman ƙaramin yaro da mai HIV, akwai maganin riga-kafi: aisoniyazid kullum har wata 6, ko haɗinsa da rifamfisin wata 3, ko haɗinsa da rifafentin sau ɗaya a mako har mako 12. Iyaye kan tambaya don me za a ba lafiyayyen yaro magani. Domin ƙwayoyin da ke ƙirjinsa kaɗan ne a yanzu, magani ɗaya ko biyu ya ishe su.

Malam Edita, Nijeriya ce kan gaba a Afirka wajen yawan masu tarin fuka, don haka muna roƙon kafafen yaɗa labarai su riƙa tantance tallar duk abin da aka ce yana warkar da shi. Lambar NAFDAC a jikin maganin gargajiya ba shaida ba ce cewa yana warkarwa. Muna kuma roƙon jaridar nan ta riƙa buga sunayen cibiyoyin DOTS da ke ƙananan hukumomi 17 na Filato, don mutanen karkara su san inda za su nufa. 'Yan'uwanmu masu kemis da masu maganin gargajiya, ku mai tari ke fara samu. Idan tarin ya kai mako biyu, don Allah ku tura shi gwajin kaki. Kada a ba shi sifirofuloksasin ko lebofuloksasin don a gwada sa'a: suna danne ƙwayar na ɗan lokaci har gwaji ya kasa ganinta, sannan su koya mata jure dangin maganin da ake dogara da shi idan rifamfisin ya gaza.

Wassalam.

Wasu ma'aikatan ɗakin gwaje-gwaje da na jinya,
Jos, Jihar Filato.